Tsagar Kwana ta Uku

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Wannan littafin na atisaye ne. Kocinmu, Ammi Rabah, wato Kawu Rabah, shi ya ce kowace 'yar tseren keke ta riƙa rubuta zagaye nawa ta yi da daƙiƙa nawa ta ɗauka. Shekara uku ban rubuta komai a cikinsa ba sai lambobi. Yau ba ni da lamba.

Siham, abokiyar tserena, ta faɗi da safen nan a Kasko, filin tserenmu, a kwana ta uku ta zagayen. Tana asibiti. Ba ta farfaɗo ba.

Na wanke rigata sau biyu, jinin da ke hannun bai fita ba. Mama ta ce in jiƙa da ruwan sanyi da gishiri. Na jiƙa.

Baba ya ce, "Ke fa, Wahiba, ba abin da ya same ki?" Ya juya ni gaba da baya kamar yadda yake duba burodi ko ya nuna, sannan ya ce alhamdu lillahi. Ko ƙwarzane ba ni da shi.

Lahadi, 6 ga Oktoba, azahar

Likita ya ce ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu, kanta kuma ya bugu. Hular kwanon ta rabe biyu. Sun sa ta barci da magani har kumburin ya sauka.

Na tarar da mahaifiyarta, Halti Huriya, a kan bencin baranda, da takalman gida a ƙafarta. A haka ta fito tun jiya.

"Wahiba, 'yata, zo nan kusa da ni. An ce ke kika fara isa gare ta."

"Ni ce, Halti."

"An ce ke kika riƙe mata kai har motar asibiti ta zo. Allah ya yi miki albarka. Kina ina da abin ya faru?"

"Ina gabanta."

"To ashe ba ki ga komai ba."

Na ce e, ban ga komai ba. Kuma gaskiya ne. Wadda take gaba ba ta gani, ji kawai take yi.

Ta ɗebo dabino daga jakarta ta zuba min a hannu, ta ce in ci, na rame. Na riƙe su har gida.

Litinin, 7 ga Oktoba, hantsi

Na ƙona tire biyu na burodi. Baba bai yi faɗa ba, ya ce in bar murhu in koma kantar sayarwa.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Kasko ɗauko jakata. Ba kowa. Na tsaya a tsakiyar fili ina kallonsa kamar ban san shi ba.

Mita ɗari huɗu na kankare, ya tashi a kwanoni huɗu kamar bango. Da rani zafinsa yakan ratsa takalmi, shi ya sa ake ce masa Kasko. Tsofaffi suna cewa ɗan kwangilar da ya gina shi bai taɓa ganin tseren keke ba, hoto aka miƙa masa. Mukan yi dariyar wannan, amma wanda ya hau ya san akwai gaskiya a ciki. Kwana ta ɗaya da ta biyu lafiya lau. Ta huɗu ta buɗe da yawa. Ta uku kuwa ta matse, kuma a kan tsohon rafin da aka cike aka ɗora ta, duk damina sai ta ɗan nutse. Tsaga ta ratsa ta tun daga baƙin layin da ke ƙasa har kusan shuɗin da ke sama. Duk wata Ammi Rabah yana kwaɓa siminti ya liƙe, duk wata tana buɗewa.

Kekunanmu ba su da birki, feda kuma ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. In mutum biyu suna bin juna, ta baya ba ta ganin komai sai tayar ta gaba, tsakaninsu yatsu huɗu. Shi ya sa dokar Ammi Rabah ta farko ita ce, kafin tsagar, ta gaba ta ɗaga murya ta ce "Sama!" ko "Ƙasa!" don ta baya ta san inda za a bi. Ranar da na fara zuwa aka koya min, tun kafin a nuna min yadda ake ɗaure ƙafa a feda.

An yi ruwa Alhamis da Juma'a. Yau na hau da ƙafa na duba. Gefe ɗaya na tsagar ya ɗaga sama da ɗayan, ya kai yatsu biyu. Wani ya zagaye wurin da alli.

Ammi Rabah yana cikin sito, zaune gaban keken Siham. Tayar gaba ta naɗe, wayoyinta sun fito waje.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Ammi."

"Ƙarya kike." Ya zuba min kahawa a murfin filas ɗinsa. Da na sha rabi sai ya ce, "Ranar ina bakin layi da agogo a hannuna. Kin san Kasko, ko tari aka yi a kwana ta uku ana ji daga can."

Na miƙa masa murfin. Na ɗauki jakata.

Laraba, 9 ga Oktoba, magariba

Ba ta farka ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, magariba

Ba ta farka ba. An ce yatsunta sun motsa, amma Halti ce kaɗai ta gani.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Mama ta yi kuskus, ta zuba wa Halti nata a kwano, ta ce in kai. Na roƙi Baba ya kai.

Ina ta tunanin ranar da na fara ganin Siham. Ina hawa tudun kasuwar kifi da tsohon keken Baba, kwandon burodi a baya, sai ga wata da rigar tsere a gabana. Ban san me ya hau kaina ba, na taka na wuce ta. Ta biyo ni har ƙofar shagon da zan kai burodin, tana haki.

"Ke 'yar burodi! Uban wa ya ce ki wuce ni da wannan akwalar?"

"Sauri nake, burodin zai huce."

"Wannan ƙafar taki asara ce a kan tallan burodi. Asabar ki same ni a Kasko. In ba ki zo ba zan zo in gaya wa babanki kina tsere da maza."

Ta girme ni da shekara biyu, malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata. Ita ta je ta zauna da Baba ta sha kahawa kofi uku har ya yarda. Takalmina na farko nata ne, da auduga na cike gaban. Ita ta riƙe min sirdi ranar da na fara hawa bangon, tana gudu a ƙasa tana ihu, "Taka! In kika rage za ki zamo ƙasa, wawuya, taka!"

Gurbi ɗaya aka ba matan kulob ɗinmu a gwajin zaɓen 'yan tseren ƙasa, tara ga Nuwamba, a babban birni. Ammi Rabah ya ce gobe Asabar zai auna mu, wadda ta fi sauri ita za ta tafi. Bara Siham tana ba ni ratar daƙiƙa guda cur. Watan jiya abin da ya rage tsakaninmu bai kai ƙiftawar ido ba. Takan ce, "Ni na koya miki, amma ban koya miki duka ba."

Gobe ba za a auna kowa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Si Buzid, shugaban kulob, ya zo gidan burodi da kansa. Ya gaisa da Baba, ya yaba burodin, ya nemi izinin magana da ni a gefe. Ya ciro takarda daga aljihun kwat.

Ya ce hukumar wasanni ta jiha za ta turo kwamiti nan da mako biyu. Suna son bayanin wadda ta fi kusa. Don sauƙaƙa min, ya riga ya sa an buga. Na karanta. An rubuta cewa tayar Siham ce ta fashe, keken ya ƙwace mata.

"Si Buzid, tayar ba ta fashe ba."

"Kin gani da idonki? Ba kina gaba ba?"

Na dubi takardar.

"Saurara, 'yata. Ni ma Siham 'yata ce, wallahi tun ranar abinci ba ya min daɗi. Amma shekara nawa ake neman dalilin da za a rufe filin nan a mayar da shi wurin ajiye motoci? In kalmar tsaga ta shiga takarda, shi ke nan. Mutum arba'in ke hawa a nan. Fili na gaba yana da nisan awa shida a mota. Kuma wa yake sa hannu duk wata cewa fili lafiya yake? Ni ne? Rabah ne. So kike a ja tsoho gaban alƙali?"

"A'a."

"To. Ba ƙarya na ce ki yi wa kowa ba. Abin da ya faru ya faru, takarda ba za ta ɗora mata ƙashi ba. Gurbin gwajin nan kuma ba zai zauna ba kowa ba. Ki yi tunani."

Ya bar min takardar. Tana cikin littafin nan, a ninke.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

An buɗe Kasko don atisaye, an ajiye tsohuwar taya a kan tsagar, kowa ya bi ta ƙasa. Na hau.

Zagaye na farko lafiya. Iskar teku a fuska, kankare yana girgiza hannuwa kamar kullum, har na ji daɗi, na kuma ji kunyar jin daɗin. A zagaye na huɗu na hau bango da gudu. Ina shiga kwana ta uku sai ƙafafuna suka ƙi. Ba tsoro na ji ba, ƙi kawai suka yi. Gudu ya ragu, tayar baya ta sulluɓe, na zamo ƙasa a kan cinyata har cikin ciyawa.

'Yan kulob suka rugo. Na ce ba komai. Fata ce ta saluɓe, faɗin tafin hannu guda.

Ammi Rabah ya wanke min da kansa. Ya yi zafi ƙwarai. Ban so ya gama da wuri ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, azahar

Ta farka. Halti ta kira gidan burodi tana kuka tana dariya. Baba ya raba burodi kyauta ga duk wanda ke layi.

Na shiga bayan buhunan fulawa na zauna. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Har zuciyata nake faɗa. Amma abin da nake ji ba duka murna ba ne.

Asabar, 19 ga Oktoba, la'asar

Sun aske mata rabin kai. Muryarta ta dushe, amma Siham ce.

"'Yar burodi. Kwana biyu da tashina sai yau? Da na mutu ma sai an yi sadakar uku za ki zo."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Me kika kawo min?"

Na kawo mata burodi mai riɗi, wanda take so. Ba a yarda ta ci ba tukuna. Ta sa na kai mata hanci ta shinshina, ta lumshe ido.

Ba ta tuna komai na ranar. Abu na ƙarshe da take tunawa shi ne tana hura wa tayarta iska a ƙofar sito. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila har abada. Ya ce za ta yi tafiya, in Allah ya so. Da ta tambaye shi keke fa, sai ya ce a fara da tafiyar.

Da Halti ta fita alwala, Siham ta jawo hannuna.

"Gurbin nan naki ne yanzu. Kada ki yi min wata fuskar tausayi, dama kin kusa kama ni, na sani. Tayoyina na gasa suna ƙarƙashin gadona a gida, ki ce Mama ta ba ki. Amma in kika zo ta ƙarshe da su, kada ki ce kin san ni."

Na yi dariya don ta ga na yi. A matakala na tsaya na daɗe kafin na iya sauka.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Si Buzid ya aiko da siminti buhu uku da fenti, ya ce Ammi Rabah ya gyara kwana ta uku kafin kwamiti ya zo. Na tarar da buhunan a ƙofar sito ba a taɓa ba, shi kuma yana zaune a kan ɗaya.

"Shekara ashirin da shida nake liƙe ta," in ji shi. "Duk wata ina sa hannu, fili lafiya lau. Na san ba lafiya ba. Na rubuta musu wasiƙa ta fi goma, ba wanda ya zo. Sai na ce in na faɗi gaskiya a rufe, ku tafi ina? Na ce zan riƙa lura da ita. Ranar Asabar ɗin da Siham ta faɗi na makara, ban zagaya da ƙafa ba kafin ku hau. Rana ɗaya." Ya goge fuska da hularsa. "Wannan karon ba zan liƙe ba. Su zo su gan ta yadda take."

"Za su kama ka, Ammi."

"Su kama. Na tsufa da gudu."

Na tsaya ina murza igiyar jakata. Na ce, "Ammi, ranar da kake bakin layi..."

Ya ɗaga min hannu. "Abin da na ji da abin da ban ji ba, ba ni za ki gaya wa ba, ba kuma ni zan tambaye ki ba. Na ga mutane da yawa a zagayen ƙarshe, numfashi ya ƙare, ko sunansu ba za su iya faɗa ba. Na kuma ga wasu. Ni ban san cikin mutum ba. Je ki gida, Wahiba."

Laraba, 23 ga Oktoba, magariba

An karɓe makullin daga hannun Ammi Rabah. Birkiloli biyu sun zo daga wani gari, sun fasa gefen da ya ɗaga, sun shafe, sun ja sabon layi a kai. Daga ƙasa ba ka ganin komai.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hantsi

Si Buzid ya aiko a tambaye ni takarda. Na ce ina nan ina karantawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan asuba

Ranar da Siham ta faɗi numfashi ya ƙare min, wannan gaskiya ne. Zagaye na goma sha biyu ne, kuma ina jin tayarta a bayana, ba ta gaji ba. Na ga gefen tsagar ya ɗaga tun daga nesa. Na gani sarai. Daga inda na gani zuwa wurin akwai lokacin da mutum zai ce kalma ɗaya. Na ƙirga shi sau ɗari, akwai.

Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, la'asar

Kwamiti ya zo, maza biyu da mace ɗaya mai farin tabarau. Sun zagaya fili da Si Buzid, yana nuna musu bango yana dariya. Sannan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya a cikin sito. Ammi Rabah ya shiga ya faɗi nasa. Da ya fito na ji Si Buzid yana gaya wa ɗaya daga cikin mazan cewa tsoho ne, an sallame shi, haushi yake ji.

Aka kira ni. Matar ta ce, "An ce akwai bayaninki a rubuce."

"Ban sa hannu ba."

"Saboda me?"

"Tayarta ba ta fashe ba. Tsaga ta taka."

"Wace tsaga? Mun duba ba mu ga komai ba."

Na ce su biyo ni. Na hau kwana ta uku da ƙafa, su ma suka hau suna dafa kankare, matar ta cire takalmi. Na durƙusa na ɗora tafina a wurin. Sabon siminti ya fi tsohon duhu, fenti bai rufe shi duka ba, kuma tuni wani siririn layi kamar gashi ya fara fitowa a tsakiya. Na nuna musu daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare. Na gaya musu yatsu nawa ta ɗaga. Na ce kowa a kulob ya san ta, kuma Ammi Rabah ya rubuta wasiƙu.

Si Buzid yana ƙasa, hannu a aljihu. Bai ɗago ba.

Matar ta rubuta, ta rubuta, sannan ta dube ni ta saman tabarau. "Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sani?"

Na ce babu.

Talata, 29 ga Oktoba, azahar

An sa wa Kasko sarƙa da kwaɗo. Takardar da aka liƙa a ƙofa ta ce har sai an sake dubawa, ba ta ce yaushe ba. Ba a kama Ammi Rabah ba, wasiƙunsa sun taimake shi, amma aikinsa ya tafi.

Si Buzid bai tura sunana gwaji ba. Bai tura na kowa ba.

'Yan kulob uku sun wuce ni a titi ba gaisuwa. Mahaifin wasu tagwaye da ke hawa da mu ya shigo shago ya ce wa Baba, "'Yarka ta kyauta, yanzu sai yarana su yi tsere a tsakanin motoci." Baba ya ce masa, "Burodi nawa za a ba ka?"

Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina Halti Huriya ce, da ta zo har gida ta rungume ni a gaban Mama tana cewa ba a haifi mai gaskiya kamata ba a unguwar nan.

Alhamis, 31 ga Oktoba, la'asar

An ɗaga mata gado, tana iya zama kaɗan. Ta ji labarin komai.

"Ke mahaukaciya ce? Kin rufe mana fili, kin zubar da gwaji, duk saboda ni? Da ina da ƙafa da na shure ki." Amma idonta ya cika.

Muka yi hira, ta sa na tsefe mata rabin gashin da ya rage. Ina tsifa sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wahiba, sama kika ce ko ƙasa?"

Hannuna ya tsaya.

"Ina ta ƙoƙarin tunawa. Shekara bakwai ina bin tsagar nan, ban taɓa kuskure ba. Lallai kin faɗa ni ce ban ji ba. Ko na ji na bi ta wani wajen. Kullum ina kwance ina tambayar kaina yaya aka yi na yi wannan sakarcin. Na jawo wa Ammi, na jawo miki, na jawo wa kowa."

Na ce Baba yana jirana a shago. Na bar mata tsifar rabi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, azahar

Ban je ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, magariba

Na je da hantsi, lokacin da na san Halti tana kasuwa. Ban zauna ba.

Na ce, "Ba ke kika yi kuskure ba. Ban ce sama ba, ban ce ƙasa ba. Na ga ta ɗaga, na kauce sama, ban ce komai ba."

Ta daɗe tana kallona. Matar gadon kusa ta juya mana baya.

"Numfashi ne ya ƙare miki?"

"Ya ƙare."

"To ai..."

"Amma da zan iya faɗa. Ina jin da zan iya."

"Da gangan kika yi?"

"Ban so ki faɗi ba, wallahi. Wannan na sani."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"So nake in tsere miki. Ina so ki ɗan rage, ko sau ɗaya in ji ba kya bayana. Ko shi ya rufe min baki, ko numfashi, ban sani ba, Siham. Wata guda ina nema ban sani ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ƙafafunta a ƙarƙashin bargo.

"Da kika tsaya gaban kwamiti, kin gaya musu wannan?"

"A'a."

"Mama fa?"

"A'a. In kin ce in gaya mata, yau zan gaya mata."

"Kada ki taɓa min uwa. Ta sami abu ɗaya da take jin daɗinsa a watan nan, ki bar mata." Ta juya fuska wajen taga. "Fita."

Na fita.

Talata, 5 ga Nuwamba, la'asar

Na je na zauna a bencin baranda. Ban shiga ba. Nas ta tambaye ni wa nake jira, na ce ba kowa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, la'asar

Benci. Halti ta ce Siham tana cikin fushin ciwo kwanakin nan, kowa ma korarsa take, in yi haƙuri da ita.

Asabar, 9 ga Nuwamba, hantsi

Yau ake gwaji. Na kwaɓa fulawa buhu biyu.

Talata, 12 ga Nuwamba, la'asar

Benci. An wuce da ita a keken marasa lafiya zuwa ɗakin gashin ƙashi. Ta gan ni. Ta dubi bango.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, magariba

Yau likita ya yarda ta taka ƙasa. Ina kan benci na ga an shiga da ita, ƙofar a buɗe. Akwai ƙarafa biyu dogaye da mutum ke dafawa. Mai gashin ƙashin mace ce ƙarama, abokiyar aikinta ba ta zo ba, Halti kuma bayanta ba ya barin ta ɗaga mutum. Ta leƙo baranda ta ce, "Ke 'yar'uwarta ce? Zo ki kama min gefe ɗaya."

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ban shiga ba, ina jiran Siham ta ce a nemo wani.

Ta kama ƙarfen da hannu biyu, gumi ya riga ya keto mata a goshi. Ba ta dube ni ba.

"Hagu," in ji ta. "Nan ne ba ƙarfi. Ki riƙe sosai, kuma kada ki yi min magana."

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarta. Ta yi sauƙi ƙwarai, ina jin haƙarƙarinta ta cikin riga. Ta ɗaga ƙafar dama ta ajiye. Ta ja ta hagu, ta danna min farce a wuya har na ji fata ta huje. Halti tana salati a bayanmu.

Taku shida ta yi. A na shida ƙafar ta lanƙwashe, nauyinta duka ya dawo kaina, na riƙe ta har aka turo kujera.

Tana zaune tana haki, ido a rufe. Mai gashin ƙashin ta ce gobe ma ƙarfe huɗu, kuma abokiyar aikin nata sai mako mai zuwa.

Siham ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Kin ji ai."

Na ce na ji.